Ina Hoton Goggo Tana Dama Kunun Gyaɗa?

 

Yau maganar hoto nake so mu yi. Shiga duk gidan da ka ga dama a Jimeta, Limawa ne ko Luggere ko Rumde, ka ce a ɗauko maka hotunan gidan. Tun kafin a kawo zan iya faɗa maka abin da za ka gani. Akwai na ɗaurin aure da na kamu, akwai na suna, akwai na ranar Sallah kowa cikin sabon ɗinki, akwai na wanda ya gama makaranta ya sa doguwar riga da hula mai igiya, sai na Alhaji ko Hajiya ranar dawowa daga Makka, sai kuma tarin ƙananan hotunan fasfo. A cikinsu duka mutane a tsaye suke ƙiƙam ko a zaune a miƙe, fuska a ɗaure, ido cikin kyamara.

To, yanzu tambayi hoton Goggo tana dama kunun gyaɗa da safe. Tambayi na Bappa zaune a zaure da rediyonsa a kunne, ko na yara sun yi jerin gwano da alluna za su makaranta, ko na Dada tana tsince shinkafa a faifai jikoki sun kewaye ta. Za a dube ka ne a yi dariya, a ce wa zai ɗauki hoton wannan? Alhali idan aka auna, biki da suna da Sallah duka ba su fi kwana goma a shekara ba a yawancin gidaje. Sauran kwanaki ɗari uku da hamsin da wani abu, waɗanda su ne ainihin rayuwar gidan, suna wucewa babu ko shaida ɗaya.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu riƙa ɗaukar hoton ranakun da ba biki, kuma mu yi shi da hannunmu, bisa ladabin gidajenmu.

Yadda ake yi a can

A shekarun da na yi a Ingila na ga wata sana'a da ta bunƙasa a can da Amurka. Iyali sukan ɗauki hayar mai hoto ya zo gidansu ya yini, ko ya yi rabin yini. Sharaɗin shi ne ba a yin kwalliya, ba a gyara gida dominsa, ba ya cewa kowa ya tsaya nan ko ya yi murmushi. Ya zo tun ana karin kumallo, ya nemi lungu ya raɓe har a manta da shi, sannan ya riƙa ɗauka: yaro yana kuka an hana shi wani abu, uwa tana taje wa 'yarta kai, uba ya yi barci a kujera da jariri a ƙirji. Bayan makonni sai ya kawo musu littafin hotuna na yini guda a rayuwarsu.

Abin yana da tushe. Tun 1888 da George Eastman ya fito da ƙaramar kyamarar Kodak, wadda kowa zai iya riƙewa ya danna, hoto ya fara fita daga shagon mai hoto ya shiga tsakar gida. Sai dai gaskiya ba duka abin da ake yi a can yanzu ne ya burge ni ba. Kuɗin aikin ba kaɗan ba ne, kuma wasu sukan shirya hargitsin ne da gangan, a watsa kayan wasa a ƙasa yadda zai yi kyau a Instagram. Wannan kuma wata kwalliyar ce ta daban. Amma asalin tunanin daidai ne: abin da ɗa zai fi so ya gani bayan mutuwar uwarsa shi ne uwar yadda ya san ta kullum, da ɗaurin zaninta na aiki da yadda take riƙe ludayi.

Ba Turawa suka fara mana ba

Kafin wani ya ce na dawo da baƙin ɗabi'u, bari mu duba gida. A Bamako ta ƙasar Mali, Malick Sidibé ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana bin matasa wuraren shagali da dare da bakin Kogin Kwara ranar Lahadi, yana ɗaukar su cikin harkarsu. A lokacin ba wanda ya ɗauki aikin da wani nauyi. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya, kuma yau duk mai son ya san yadda matasan Mali suka rayu bayan samun 'yancin kai, hotunansa yake nema. A nan Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hoton kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014. Kitso fa, abin da kowace mace take yi duk mako ba tare da ta ɗauka tarihi ba ne. Da yawa daga cikin salon da ya ɗauka yanzu sai a hotunan nasa.

Kusa da mu kuma akwai Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, wadda ta karanta aikin jinya, ta je Landan ta yi digiri na biyu, ta dawo gida a 2015. Ta ga duniya ba ta san komai game da Barno ba sai bom da gawa, sai ta ɗauki kyamara ta shiga gari tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki da tsofaffi a bakin ƙofa, ta sa wa aikin suna Bits of Borno. Abin da ta yi wa garinta shi nake cewa kowannenmu ya yi wa gidansu.

Ba kuma ina raina hoton shago ba ne. A zamanin mulkin mallaka, Bature ne yake ɗaukar kakanninmu yadda ya ga dama, ba tare da ya tambaye su ba, ya buga a katin wasiƙa ya aika ƙasarsu. Da 'yan ƙasa suka buɗe nasu shagunan, irin Seydou Keïta da ya buɗe nasa a Bamako a 1948, ko Solomon Alonge a birnin Benin, sai mutum ya samu damar ya zaɓi yadda za a gan shi. Ya sa babbar rigarsa, ya naɗa rawani, ya zauna da mutuncinsa. Wannan ɗaure fuskar da muke gani a hoton kakanninmu martaba ce, kuma haƙƙinsu ne. Abin da nake cewa kawai shi ne hoton nan rabin labari ne. Ya nuna mana yadda Kaka yake so a tuna da shi, bai nuna mana yadda yake ba idan yana gyaran kekensa ko yana raba wa jikoki ƙosai.

Me ya sa abin ya fi damun mu nan?

Wani zai ce ga matsalar abinci ga ta wuta ga ta kuɗin makaranta, hoto ne abin magana? Ina da dalilai uku, kuma duk mutumin Jimeta ya san su.

Na farko ruwa. Muna zaune ne a bakin Binuwai. A 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, mun ga yadda ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a faɗin Adamawa, a 2022 kuma aka maimaita. Wanda ruwa ya shigo masa da dare yara yake ɗauka, ba albam ba. Gida za a sake ginawa, katifa za a sake saya, amma hoton da ya jiƙe ya manne da ɗan'uwansa ya tafi ke nan. Idan kwafi ɗaya ne tak a duniya, to fuskar mutumin ta tafi tare da shi.

Na biyu gudun hijira. A watan Oktoba na 2014 da Boko Haram suka kama Mubi, bayan Madagali da Michika, mun ga yadda jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a ƙafa, daga su sai kayan jikinsu. Wasu sun sauka a sansanoni irin na Malkohi da Damare, mafi yawa kuma gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka shiga. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta yi rajistar sama da mutum dubu 20 da suka ɓace a Nijeriya, akasarinsu a arewa maso gabas, kuma da yawansu yara ne a lokacin da suka ɓace. Mai neman ɗansa, abin da ya fi taimaka masa shi ne hoto na kwanan nan. Ka yi tunanin uwar da ba ta da hoton ɗanta sai na ranar suna, yana jariri cikin tawul. Jimeta kanta ta sha nata rabon a 2015, a kasuwa da masallacin Jambutu. Mutane sun fita da safe ba su dawo ba. Allah Ya jiƙansu, Ya kiyaye na gaba.

Na uku shi ne sauyin da ba ya ƙara, wanda ba a jin zuwansa. Unguwa irin Limawa tana tsakiyar gari, ƙasa tana da tsada. Maigida ya rasu, a raba gado, a sayar, a rushe zaure a yi shaguna. Bishiyar darbejiyar da aka yi shekaru ana shan inuwarta a sare ta a zuba siminti. Murhun dutse uku ya koma risho, risho ya koma gas. Turmi ya bar wa injin niƙa. Kwanan tsakar gida a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola yake haura digiri 40, kowa ya fito da tabarmarsa ana hira har barci ya kwashe yara ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana raguwa a sababbin gine-ginen da ba su da tsakar gida. Ba wanda ya yi laifi a nan, haka zamani yake. Amma jikokinmu za su tambaya yadda gidan yake, kuma gani ya kori ji.

Ga mu da muka yi zaman waje kuma akwai ƙari. Yaron da aka haifa a Landan ko Jidda ko Kuala Lumpur, abin da ake turo masa daga gida hotunan biki ne kawai. Sai ya tashi yana zaton mutanen gida kullum cikin leshi da shadda suke, a zauren taro, ana liƙi. Ranar da aka kawo shi ya ga Goggo da tsohon zani a bakin murhu sai ya ja baya kamar bai san ta ba. Da ya saba ganinta haka tun yana can, da gudu zai je ya faɗa jikinta.

Inda gizo yake saƙar

Duk da haka, wanda ya ce zai kwaso tsarin Turawa yadda yake ya sauke a Limawa, to bai san Limawa ba. Gidan Bahaushe da na Bafulatani suna da zaure, kuma zaure iyaka ce. Baƙon namiji ba ya wuce shi. Suratun Nur ta hana shiga gidan mutane ba izini, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Ta yaya za a ce wani ƙato da kyamara ya yini a tsakar gida yana bin matan aure daga madafa zuwa bakin rijiya? Ba mai yiwuwa ba ne, kuma bai kamata ba.

Ga kuma kunya, wadda Fulani suke kira semteende, ɗaya daga ginshiƙan pulaaku. A nan Adamawa akwai dattijon da ba zai ci abinci a gaban surukinsa ba, akwai uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle a ɗauke ta tana wasa da shi. Wanda ya zo ya ce mata ta saki jiki ai zamani ya canza, rashin tarbiyya ya nuna. Kunyar nan ita ma tana cikin abin da muke so a adana. Hoton Dada ta kawar da kai tana rufe baki da gefen mayafi ya fi gaskiya a kan wanda aka tilasta mata ta kalli kyamara.

Sai batun addini. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara. Da yawa sun halatta shi, wasu kuma sun taƙaita shi ga lalura kamar fasfo da katin shaida. Idan maigida ko wata tsohuwa suna bin ra'ayi na biyu, magana ta ƙare, a ajiye waya. Ba a gina tarihin gida a kan saɓa wa masu gidan.

Babbar matsalar a ganina ita ce waya da intanet. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, sannan masu kyamara suka biyo baya, ɗaukar hoto ya zama kyauta, amma riƙe shi ya zama wuya. A da hoto yana cikin akwati ƙarƙashin gado, sai wanda aka yarda da shi ake nuna wa. Yau yarinya ta ɗauki yayarta ba ɗankwali tana wanki, kafin la'asar ya shiga zauren WhatsApp na dangi, kafin magariba ya fita daga dangi. Mun ga auren da irin wannan ya girgiza. Saboda haka idan tsofaffinmu suka ga an ɗaga waya suka ce a'a, suna da hujja. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wasu kuma tsoron baki suke yi, wasu ba sa so a ga bangon da ya tsage ko tukunyar da ba nama. Talaka yana da haƙƙin rufin asirinsa.

To, yaya za a yi?

Ga abin da nake gani, kuma ƙofa a buɗe take ga mai gyara.

Mai ɗaukar hoton ya zama ɗan gida. A kowane gida akwai yaro ko yarinya mai ido, wanda in ya ɗauki hoto sai ka sake kallo. A ba shi wannan amana. Cikin gida kuwa mace ta ɗauki mata. Idan har za a yi haya, to ga sana'a nan ga 'yan matanmu da suka gama makaranta suna zaune: mace mai kyamara, mai amana, wadda za ta shiga inda namiji ba ya shiga, ta miƙa wa masu gida hotunansu duka, ta goge na wurinta a gabansu. Masu kitso da masu lalle sun daɗe suna shiga gidaje bisa irin wannan yarda.

A nemi izini tun farko, a wurin maigida da kuma kowace mace ita da kanta, a faɗa musu abin da ake nufi da wanda zai gani. Bayan an ɗauka a nuna wa kowa nasa. Wanda ya ce a goge, a goge nan take ba gardama. Hoton ba-zata ba ya nufin hoton sata. Mutum ya san kana ɗauka, sai dai ka daɗe tare da shi har ya koma harkarsa.

Ba dole sai fuska ba. Hannun Goggo a kan muciya hoto ne. Takalman yara a ƙofar ɗakin Malam hoto ne. Buta da carbi a kan buzun Bappa, keken ɗinkin Adda, jeren kwanoni a ɗakin Inna, inuwar bishiya a tsakar gida da hantsi, mai kura yana sauke jarkokin ruwa a ƙofar gida, duk waɗannan za su yi magana nan da shekara 40. Ta haka ko gidan da ake tsananin kunya zai samu abin ajiyewa ba tare da an keta wa kowa haddi ba.

Hoton cikin gida ya tsaya cikin gida. Kada ya hau Facebook, kada ya hau Instagram, musamman na yara da na mata. Wanda yake waje a aika masa shi kaɗai, da sharaɗin ba zai tura gaba ba.

A wanke su a takarda. Wannan shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa, katin ajiyarta yana lalacewa, mai ita yana rasuwa ba wanda ya san lambar buɗe ta. Mutum yana da hoto dubu uku a waya amma ba shi da ko ɗaya da zai miƙa wa jikansa. A zaɓi ko guda 20 ne a shekara a kai shagon hoto a wanke. A bayan kowanne a rubuta da fensir sunan wanda ke ciki, da unguwa, da shekara, da boko ko da ajami. Hoton da ba suna, bayan mutum biyu sun rasu ya zama hoton baƙo. A yi kwafi biyu, ɗaya a nan, ɗaya a wurin ɗan'uwa a wani gari, Kano ko Abuja ko ƙasar waje, saboda ruwa da gobara. A sa a leda a ɗora a sama, nesa da laima da gara.

A ƙarshe, mu nemi tsofaffin masu hoto na garin nan tun suna raye. A ƙetaren iyaka, a Mayo Darle da ke lardin Adamawa na Kamaru, akwai wani mai hoto, Joseph Chila, wanda aikinsa bai wuce ɗaukar mutanen ƙauye da hotunan katin shaida ba. Wani masani ɗan Ingila, David Zeitlyn, ya bi diddigin aikinsa, har aka baje hotunansa a babban gidan adana hotuna na Landan a 2005. Idan na Mayo Darle sun kai Landan, na Jimeta ma sun cancanci a kula da su. Muna da Jami'ar Modibbo Adama, muna da Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola, muna da fadar Lamiɗo mai tarihi tun daga Modibbo Adama da ya kafa Yola a 1841. Ɗalibi ɗaya da na'urar kwafe hoto zai iya ceto abin da ya rage a akwatunan tsofaffin shaguna, da izinin masu su da na iyalan da ke ciki.

Wannan aiki ba ya jiran gwamnati, ba ya jiran tallafi daga waje. Wayar da ke hannunka ta isa. Abin da ba ya jira shi ne tsofaffin. Duk wanda Allah Ya bar masa uwa ko uba ko kaka a raye, ya je ya gaishe su a ranar da ba biki, ya zauna ya daɗe, ya nemi izini cikin ladabi. Idan sun yarda ya ɗauka, ya wanke, ya rubuta suna. Idan sun ƙi, ya ajiye wayar ya saurari hirarsu, ya rubuta abin da ya ji idan ya koma gida.

Ku kuma da kuke waje, idan za ku aiko da kuɗin Sallah bana, ku ware ɗan wani abu ku ce na wanke hoto ne, ku faɗi irin hoton da kuke so.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya zaunar da Adamawa da ƙasa baki ɗaya lafiya. Sai mun sake haɗuwa.

Wassalam.